Asabar, da Goggo da mutumin da ya tafi sama

Ba makaranta yau. Wanki da sassafe, daga nan Sabon Gari karɓo maganin ƙafar Goggo. Na biya wajen mai gyaran waya, ya ce in dawo Litinin. Haka ya ce wancan makon ma. Rana kuwa ba a magana.

Bayan la'asar aka kawo wuta, gida ya rikice. Umma ta jona dutsen guga, Auta ya tara wayoyin duniya a soket ɗaya, ni kuma na ɗauko filashi na ce yau sai ya kalli Interstellar daga farko har ƙarshe, ko ya so ko ya ƙi. Kun san ni da fim ɗin nan. Tun fitowarsa a 2014 nake damun jama'a da shi, har wasunku sun roƙe ni in huta. Shi kuwa Auta, in ba a harbi wani ba a minti biyar na farko, to a wurinsa fim bai fara ba.

Goggo tana kan tabarma tana jan carbi, ƙafa a miƙe bisa filo. Ban sa ta a lissafi ba. Ba ta jin Turanci, kuma tun zuwanta take ce mana talabijin akwatin shiririta ce. Amma da aka nuno ƙurar nan ta taso ta rufe gari, mutane suna kife kwanuka a kan tebur don kada ƙasa ta shiga, sai na ji ta ce, "Wannan wace ƙasa ce ta Allah?" Na ce Amurka ce, Goggo, amma a wani zamani mai zuwa. Cuta ta cinye alkama, kuɓewa ma ta zo ƙarshe, masara kaɗai ta rage musu. Ta ce, "Har kuɓewa? Inna lillahi." Ta gyara zama. Daga nan na zama tafinta.

Wannan farkon yana cikin abin da ya sa nake sara wa Christopher Nolan, daraktan fim ɗin. Labarin sararin samaniya ne, amma a gona ya fara shi, da manomi da 'ya'yansa biyu da surukinsa tsoho. Tsofaffin da ake nunawa suna ba da labarin ƙura ma, yawancinsu ba 'yan wasa ba ne. Mutanen da suka ga guguwar ƙurar da ta addabi tsakiyar Amurka a shekarun 1930 ne, aka ɗauko hirarsu daga wani shirin tarihi na Ken Burns na 2012. Kafin a nuna maka kumbo ko ɗaya, an riga an sa ka san gidan da za a bari.

Manomin ya bar 'ya'yansa ya shiga kumbo da abokan tafiya, suna nema wa 'yan Adam sabuwar duniya. Da muka kai wata duniya da ruwa ya rufe, na tsayar da fim ɗin don in yi bayani, ina shirin shan wahala. Na ce Goggo, duniyar tana kusa da wani baƙin rami mai tsananin ƙarfin ja, to a irin wurin lokaci a hankali yake tafiya. Awa ɗaya a can, shekara 7 ce a gida. Ta dube ni ta ce, "To mene ne abin tsayawa? Ashabul Kahfi ba shekara 309 suka yi ba, suka farka suna cewa yini ne ko wani yanki na yini? Ci gaba, ɗan nan." Abin da nake shafe zango guda ina fama da 'yan aji shida a kansa, ta karɓe shi kafin in rufe baki. Na so in ƙara mata cewa ba tatsuniya ba ce, lissafin Einstein ne na 1915, kuma agogunan taurarin ɗan'adam na GPS suna gaba da namu da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, dole ake gyara su, in ba haka ba taswirar wayar Auta sai ta kai shi Kafanchan yana neman Kaduna. Na so in ce Kip Thorne, masanin da ya tsaya musu a kan lissafin fim ɗin, ya ci lambar Nobel a 2017. Ta ɗaga mini hannu. Na ci gaba.

Sun sauka, igiyar ruwa ta taso, mutum ɗaya ya halaka, injin ya sha ruwa, suka makale awa uku da 'yan kai. Da suka koma babban jirgi, abokinsu da suka bari yana jira ya fito da furfura a gemu. Shekara 23.

Sai wurin da nake jira. Cooper, wato manomin nan, ya zauna gaban allo yana kallon saƙonnin gida da suka taru. Ɗansa ya gama makaranta. Ya haɗu da yarinya. Ga jariri a hannu. Jaririn ya rasu, kakan ma ya rasu. Ɗan ya gaji da magana da wanda ba ya amsawa, ya ce ya haƙura da shi. Duk wannan, kyamara tana kan fuskar uban, yana dariya yana kuka a lokaci guda. A nan ne Auta ya miƙa hannu ga rimot ya ce, "Yaya, nan surutu ne kawai, bari in tura gaba." Kafin in buɗe baki Goggo ta ce, "Ajiye." Ya ajiye.

Da 'yar ta bayyana a ƙarshe, ta zama babbar mace, ta kai shekarun da uban yake da su ranar da ya tafi, na fassara wa Goggo abin da ta ce. Ina jin daɗi a raina, ina cewa yau na samu wanda ya gane. Na juyo ina tsammanin hawaye. Fuskarta a ɗaure.

"Kuka yake yi?" in ji ta. "Wa ya aike shi?"

Na ce Goggo, duniya ce za ta halaka, ya tafi ne don ya ceci 'ya'yan nasa.

"Haka suke cewa duka. Kowa da babban dalilinsa. Alhaji ma ɗakin Allah ya nufa, wa ya isa ya ce kada ya je?"

Kun sha jin labarin Alhaji a nan, don na rubuta shi ba sau ɗaya ba. Kakanmu da ya je Makka a ƙafa. Baba yana ba mu shi kowace babbar salla bayan an gama suyar nama, kuma ya iya ba da shi: Maiduguri, Fort Lamy da yanzu ake kira Njamena, Abeche, sai Janaina, Fashir, har bakin Maliya. Yadda guzuri ya ƙare ya tsaya tsintar auduga a gonakin Jazira a Sudan, yadda ya ga Hausawa da yawa da suka yada zango a can ba su ƙara gaba ba, ba su kuma dawo ba, shi kuwa ya cika alkawari ya dawo. A gidanmu da wannan labarin ake auna namiji.

Goggo ta ce ita tana da wayo ya tafi, don ta tuna ya ɗora ta a kan jaki ya zagaya da ita ƙofar gida da safen. Shekara 11 ya yi. Wasiƙa ɗaya ta iso, ta hannun wani mai dawowa, ita ma ta shekara biyu a hanya. Innarta ta jira har ta gaji, dangi suka kai magana gaban alƙali aka raba auren, ta auri wani a wani gari, aka bar Goggo wajen baffanta. Shi ya aurar da ita. Ranar da Alhaji ya dawo gari ya cika da guɗa, ana ta rububin taɓa hannunsa. Ta zo da goyo ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da fara'a ya ce, "'Yar wa ce wannan?"

Ba ta faɗe shi da kuka ba. Da muryar da take tambayar farashin manja ta faɗe shi. Umma ta kashe gugar ta tsaya a bakin ƙofa.

Ni da ba na iya barin gardama ta wuce, musamman a kan fim ɗin nan, na ce amma Goggo ai mai labarin bai ɓoye laifin uban ba, ga shi ya zaunar da shi ya sa shi ya kalli abin da ya jawo. Ta ce, "Ya zaunar da shi, amma fuskar wa aka nuna mana? Shi muke tausayi. Wancan bawan Allah da ya zauna shi kaɗai a jirgi shekara ashirin da uku, minti nawa aka ba shi? Ya fito ya ce sannunku da zuwa, an wuce."

A nan aka ɗauke wuta. Auta ya yi hamdala a fili ya fice.

Ta ce in ƙarasa mata da baki. Na ce ya dawo, ya tarar da 'yar ta tsufa tukuf tana kan gadon mutuwa, 'ya'ya da jikoki sun kewaye ta, shi kuwa yana nan yadda ya tafi. Sun gana, ta sallame shi. Goggo ta ce, "Namijin fa? Wanda ya yi ta aiko saƙo?" Na ce ba a sake nuna shi ba a ƙarshen, uban ma ba a nuna ya tambaye shi ba. Ta ce, "Ka gani," ta nemi a kawo mata buta.

Tun magariba abin yake cina. Ba wai ta rage mini son fim ɗin ba ne. Har gobe ina nan a kan cewa wannan zaman gaban allo ya fi duk wani abu da na gani a fim ɗin kimiyya, kuma dabarar da ke cikinsa ita ce ainihin abin da Goggo take ƙorafi a kai. Da an tsaya da mu a gida muna ƙirga shekarun ɗaya bayan ɗaya, da mun saba da rashin, yadda masu jira suke sabawa. Sai aka tafi da mu tare da matafiyin, awa uku kacal, sannan aka sauke mana shekara 23 a ka cikin 'yan mintoci. Wannan ne aikin kimiyyar a labarin. Ba ado ba ce, ita ce ta karya wa uba alkawari ba tare da ya yi ƙarya ba. Marubucin da bai iya ba, sai ya cika ka da sunayen injuna. Wanda ya iya, sai ya nemi dokar halitta guda ɗaya ya tambayi kansa wa za ta raba da wa.

Kuma akwai abin da nake ganin shi ya sa Goggo ta ce a ajiye rimot. A jirgin nan saƙo yana shigowa, amma ba ya fita. Uban ba shi da bakin kare kansa. Ba zai ce duniya na je ceto ba, ba zai ce ku yi haƙuri ba. Waɗanda aka bari ne suke magana, shi nasa sauraro. Alhaji bai taɓa zama irin wannan zaman ba. Ya dawo da labari a bakinsa, labari mai daɗi, da sunayen garuruwa da ƙishirwa da ikon Allah, kuma mai irin wannan labarin ba a katse shi.

Ni ma ɗan gidan matafiya ne a karatu. Littafin da ya fara jefa ni cikin wannan harka shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da aka taka wata. A laburaren makaranta na same shi, bango a yage. Yaro ya bi baƙo daga sama ya sha yawo a samaniya, ni kuma na kwana ina fatan a zo a ɗauke ni. Duk abin da na karanta na kuma kalla daga baya, kusan haka ginin yake: mai tafiya shi ne mai labari. Ban ce laifi ba ne. Tafiya tana da farko da tsakiya da ƙarshe, jira kuwa yau irin jiya ce, da wuya a yi fim da shi mutane su zauna. Sai dai wuya daban, rashin yiwuwa daban, kuma Goggo ta ba da nata cikin abin da bai kai minti biyar ba, har Umma ta manta da guga.

Tuwon masara aka yi da dare. Auta ya ce gobe shi zai zaɓi fim.

Baba ya dawo bayan isha'i, na kai masa ruwa na zauna. Na tambaye shi sunan mahaifiyar Goggo. Ya ce in dakata ya tuna. Can ya ce wai me ya kawo wannan magana da daren nan, in je in rufe ƙofar zaure.

Gobe ƙarfe bakwai zan kai ta tasha. Takardun jarrabawar 'yan aji biyar suna nan ban taɓa ko ɗaya ba.