Ɗorawar da na saya a farashin ƙirya

Har yau idan na ga ragowar gungumen nan da ke jingine a bayan rumfata a garin Garwa na ƙasar Kamaru sai raina ya sosu, domin sefa 40,000 na zuba a kansa, ban da ladan masu sara da kuɗin motar da ta ɗauko shi daga wani ƙauye da ke gaba da Pitowa.

Itacen ya yi shekara biyu da mutuwa a tsaye, babu ganye ko ɗaya, rassan sama kuma duk sun karairaye. Na dubi ɓawon na ga baƙi-baƙi ne, mai kaushi, ya tsattsage yana ɓamɓarewa, nan take na yanke cewa ƙirya ce. Mai gonar ya gyaɗa kai ya ce kohi, wato sunanta da Fulatanci, kuma ban zarge shi da ha'inci ba, tunda a mace ya tarar da itacen lokacin da ya sayi gonar. Ni ne masassaƙi, ni ne na shekara 12 ina fafe turmi, ga gatari rataye a kafaɗata, amma ban kai wa gindin sara ko sau ɗaya ba kafin na ƙirga kuɗi.

Da masu sara suka fara aiki na ji gabana ya faɗi, saboda gatarin yana nutsewa kamar a jikin rogo. Ƙirya ba ta yi wa kowa wannan ladabin. Cikinta ja ne mai duhu, ga nauyi, ga tauri, busasshiyarta tana dakusar da gatari tana mayar da shi da ƙara, gara ba ta iya cinta, shi ya sa turminta yake daɗewa, maƙera kuma suke neman gawayinta. Wannan kuwa cikinsa fari-fari ne, ƙwari sun huhhuda shi, gari yana zuba daga ramukan. Ɗorawa ce.

Da na kai wa tsohon da ya koya mini sassaƙa wani guntu, sai ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya jinjina, ya ce, "Yaro, ka tona gindin kuwa?" Na ce, "Baba, ku gafarce ni, ɓawon kawai na duba." Ya ce da na share ciyawar wurin, wataƙila da na ci karo da tsofaffin 'ya'yan, domin na ƙirya gajeru ne masu kauri da tauri, suna jimawa a ƙasa, na ɗorawa kuwa dogaye ne. Ya ƙara da cewa ɓawon mataccen itace rana da wutar daji suna baƙanta shi har itatuwa daban-daban su yi kama da juna. Marke ne da ɗan sauƙin ganewa saboda ɓawonsa mai launin toka da dabbare-dabbare, maɗaci kuma a ɗanɗana ɓawon a ji ɗaci, ga cikinsa ja.

Yanzu ba na taya mataccen itace sai na sare shi tsawon yatsa ko fiye, na wuce farin saman, na ga launin cikin, na sansana, na jinjina ɓarin da ya fito. Masu gona sukan ɓata rai su ce ina lalata musu kaya, ni kuwa ban damu ba. Ɗorawar nan kujeru 'yan tsugunno shida na samu daga inda ƙwari ba su kai ba, sauran kuwa wata mai tuyar ƙosai take saye kaɗan-kaɗan, kullum tana ƙorafin cewa icen ba ya riƙe wuta.