Kundin da Muke Rubuta Kurakuranmu a Ciki

Mu biyar ne a ofis, a saman wani bene da ke titin Gidan Zoo a Kano. Manhaja muke rubuta wa makarantun kuɗi da kantunan magani da ƴan kasuwa masu son sanin abin da ya shiga da abin da ya fita. Duk wanda ya zo neman aiki a wurinmu, kafin ya taɓa komai sai na zaunar da shi ya karanta wani fayil da muke kira Kundi. Ba littafin koyarwa ba ne. Tarin abubuwan da suka taɓa kunyata mu ne, kowanne da yadda muka fita daga cikinsa.

Asalin Kundin wata makaranta ce. Daren da za a raba sakamako, mai makarantar ya kira ni, murya a sama: "Injiniya, me ka yi wa takardun yarana?" Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya faru?" Ya ce in zo in gani da idona. Da na je, sai ga takardu sama da ɗari uku a kan tebur, duk inda aka rubuta Ƙofar Mata ya koma ?ofar Mata, sunan duk yaron da ya fara da Ɗ ya samu alamar tambaya a goshi. Laifina ne, ba na kowa ba. Na buɗe rumbun bayanai na MySQL ban duba tsarin haruffansa ba, ya zauna a kan latin1, wanda bai san ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba. Muka kwana muna mayar da shi utf8mb4, tsarin da ya san su, sannan muka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da rajistar makaranta a hannu, don harafin da ya riga ya zama alamar tambaya ba ya dawowa da kansa. Da asuba na rubuta shafin farko.

Har yau babin haruffan ya fi kowanne tsawo. Akwatin kwamfuta bai ɗauki ƙ a matsayin k mai ado ba. A Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa, harafi ne mai zaman kansa, lambarsa U+0199. Saboda haka akawun da ya buga "kofa" a wurin bincike ba lallai ya ga "ƙofa" ba, kuma yawancin mutane ba su da haruffa masu lanƙwasa a allon rubutunsu. Dabararmu ita ce mu ajiye kowane suna sau biyu: ɗaya yadda yake, ɗaya an sauke masa lanƙwasa, bincike ya bi ta na biyun. Sai kuma ƙananan na'urorin buga rasit, da yawansu ba su san alamar ₦ ba, sai su fitar da wani gurɓataccen abu. A nan ba ma wahalar da kanmu, N muke sawa.

Babi na biyu kuɗi ne, kuma doka ɗaya ce: a kobo ake ajiye kuɗi, ba a naira mai ɗigo ba. Sabon yaro in ya yi gardama, sai in ce ya tara 0.1 da 0.2 a JavaScript, yaren rubuta manhaja. Idan ya ga 0.30000000000000004 sai ya yi shiru. Paystack, hanyar karɓar kuɗi ta intanet, ita ma a kobo take karɓar adadi, wanda ya tura 5000 yana nufin naira dubu biyar, naira hamsin ya caji mutum.

Akwai ƙanana da ba sa cin layi biyu. Saba, wato kwamfutar da ke riƙe da manhajarmu a intanet, tana bin agogon duniya na UTC, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, don haka cinikin da kemis ya yi da sha biyu da rabi na dare sai ya faɗa lissafin jiya. Lambar waya da lambar asusun banki rubutu ne, ba lissafi ba. In aka bar Excel ta ɗauke su a matsayin adadi, sifilin farko ya tafi. Takardar tsaron shafin intanet ta Let's Encrypt kwana 90 take yi, a tabbata sabuntawar tana tafiya da kanta.

Kundin yana zaune ne a cikin Git, manhajar da ke adana tarihin duk gyaran da aka yi wa aiki, tare da sauran aikinmu. Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a 2005 don masu aikin Linux, amma ni abin da ya fi burge ni da shi shi ne ba ya buƙatar intanet kafin ka adana aikinka. Wuta ta ɗauke, data ta ƙare, kana nan kana aiki, in hanya ta buɗe ka tura GitHub, inda ake ajiye aikin a intanet. Dalilin da ya sa ke nan muke son rumbun bayanai na SQLite a manhajar kantuna: fayil ɗaya ne a kan kwamfutar mai shago, ciniki ba ya tsayawa don sabis ya yi rauni. Bayanan MDN da na Laravel kuwa, waɗanda muke dubawa in muna rubuta manhaja, muna da su a sauke ta shafin DevDocs.

Yaran yanzu sun fi son tambayar ChatGPT, mu a lokacinmu dandalin tambayoyi na Stack Overflow ne. Ban hana kowa ba, ni ma ina tambaya. Sharaɗina dai, abin da ba za ka iya yi mini bayaninsa da Hausa ba, ba zai shiga aikin mutane ba.

Shafin da na fi jin nauyinsa gajere ne. Mun yi wata bakwai muna ajiyar ko-ta-kwana ta wani kanti kowane dare, ranar da kwamfutarsu ta ƙone muka buɗe, ashe fayilolin duk fanko ne. Allah ya taimaka matar mai kantin tana rubuta ciniki a littafi, da shi muka farfaɗo da lissafin cikin kwana huɗu. Tun daga nan, duk Asabar ɗin farkon wata ɗayanmu yana ɗauko ajiyar abokin ciniki guda, ya zuba ta a tsohuwar kwamfutar da ke bayan ƙofa, ya ga ta tashi, sannan ya sa hannu a Kundi. Wannan watan layina ne.