Auna jin daɗin rayuwa: daga lissafin kuɗi zuwa tambayoyi 12

Da can masana tattalin arziki sun ɗauka cewa in arzikin ƙasa ya ƙaru, jin daɗin jama'a ma zai ƙaru. A 1974 Richard Easterlin ya nuna cewa kuɗin shiga a Amurka ya yi ta hauhawa, amma yawan masu cewa suna cikin farin ciki bai wani motsa ba. Daga nan kowane fanni ya shigo da nasa mudun.

A 1989 Carol Ryff, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta sa manufar rayuwa da kyakkyawar mu'amala cikin lissafin. A 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa aikin Mahbub ul Haq da Amartya Sen, ta haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga a ma'auni guda. Sai 2017, Tyler VanderWeele na jami'ar Harvard ya tsara tambayoyi 12, biyu-biyu kan abubuwa 6: farin ciki, lafiya, ma'anar rayuwa, halin kirki, zumunci da rufin asiri. Kowace amsa maki ne daga 0 zuwa 10. Tambayoyin nan suna cikin babban binciken ƙasashe 22 da Najeriya ke ciki.

A ganina, wajen yin tambayar ne aikin ke lalacewa. Je ka kasuwar Mile 12 da ke Legas ka tambayi mai tumatir a rumfarsa, abokan sana'a na zaune kan kwanduna suna saurare. Ba zai ce 3 ba. Zai ce alhamdulillahi ya ba ka 8, don kukan babu a bainar jama'a abin kunya ne. A keɓe shi, bayan an gama sauke kaya hankalinsa ya kwanta.

Jerin tambayoyin ma yana sauya amsa. Masanin tattalin arziki Angus Deaton ya gano a bayanan Gallup, kamfanin jin ra'ayin jama'a, cewa in aka fara da tambayoyin siyasa, Amurkawa kan rage wa rayuwarsu maki. Saboda haka kada a buɗe hira da tsadar fetur ko kuɗin motar kaya daga Arewa, a bar su sai ƙarshe.

Ɗan ci-rani kuma, tambayar zumunci a raba masa biyu: 'yan ɗakinsa a Agege daban, iyalin da ya baro a Katsina daban. Matan gida, mace ce za ta shiga ta tambaye su. A kuma rubuta watan da aka yi hirar, don amsar lokacin da tumatir ya cika kasuwa ba ɗaya ba ce da ta damina.