Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Teburin Gindin Bene

Makon jiya na tsaya a inda na samu aikin akawu a kamfanin dillancin shinkafa da siminti a Garwa, a ƙasar Kamaru. Ofishin yana saman bene, ni kuwa shan inna ta tafi da ƙafata ta hagu tun ina goye. Ranar farko na jingine kekena a gindin matakala, sanda a hannu ɗaya, ƙarfen jikin bango a ɗayan, ina hawa 'yan dako sun ajiye buhu suna kallo. Alhaji mai wurin, Allah Ya jiƙansa, bai ce uffan ba. Washegari na tarar an sauko da tebur da kabad ɗin takardu an ajiye kusa da sikeli. Ƙurar siminti na sauka a kan littafin lissafi har sai na hure kafin in rubuta, amma numfashina ya dawo.

Juma'a ma ya warware ta. Keken hannu ba ya sauri, balle a ranar watan Afrilu ta Garwa, don haka ya ce in riƙa tashi da wuri in samu sahu a babban masallacin Pumpumre. Mai kula da sito Kirista ne daga wajen Mokolo, 'yan cocinsu ba sa aiki ran Asabar. Shi ya riƙe mini Juma'a, ni na riƙe masa Asabar, kuma ko buhu ɗaya bai taɓa ɓata ba.

Da na kai wa Kawu labari da murna, sai ya ce, "Ɗana, ka ce a rubuta. Abin da aka ba ka don tausayi, ran da tausayi ya ƙare za a karɓe." Kawu ya yi dako a tashar jirgin ƙasa ta Gaundare tun da layin dogo ya iso a 1974, ya ga iyayen gida kala-kala. To ta yaya zan dubi idon Alhaji in ce ya sa hannu a kan alherinsa?

Na yi aure, aka haifi yaran, Alhaji ya rasu. Magada suka kawo sabon darakta.

Cikin mako guda tebur ya koma sama, wai kwamfuta tana can. Na ce, "Yallaɓai, waya ce kawai za a ja." Ya ce kamfani ba gidan agaji ba ne. Batun Juma'a kuwa ya buɗe mini dokar ƙwadago ta 1992, wadda ta ce hutun mako aƙalla sa'a 24 ne, a bisa ƙa'ida ran Lahadi. Haka take, ban musa ba. Amma dokar ba ta hana mutum biyu musayar rana ba, shi ne ya hana. Ɗan Goggo, wanda har yau yake cewa na cika taurin kai, cewa ya yi in gode Allah da aka ɗauki gurgu aiki. Shekara nawa lissafina yana fita daidai, sannan a ce alfarma aka yi mini?

Kawu ya riga ya rasu a lokacin. Kullum ina kan matakalar nan sai in ji muryarsa: ran da tausayi ya ƙare.

Wani malami makaho a ƙungiyarmu ta masu nakasa shi ya sanar da ni dokar 13 ga Afrilu 2010 ta kare masu nakasa. Ta hana a ƙi ɗaukar mutum saboda nakasarsa, ta ce in takardu sun yi daidai a fifita shi, gine-ginen da jama'a ke shiga kuma a yi su yadda zai iya shiga. Sai a Yulin 2018 aka fitar da ƙa'idojin aiki da ita, shekara takwas ana jira. Ya kuma karanto mini da ka yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, wadda Kamaru ta sa wa hannu a 2008: a gyara wa ma'aikaci wurin aikinsa muddin gyaran bai fi ƙarfin mai kamfani ba. Jan waya daga sama zuwa ƙasa ya fi ƙarfin wa?

Na je ofishin jin daɗin jama'a na yi katin shaidar nakasa, wanda na daɗe ina ƙin yi, na rubuta ƙorafi da Faransanci na kai wa sufeton ƙwadago. Mai sito ya ce zai tsaya mini shaida ko da za a kore shi. Yadda zamanmu da darakta ya kaya a gaban sufeto, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.