Buffalo sun sallami manya suka bar yara da kayan da ya fi ƙarfinsu

Duk lokacin da na tuna abin da Buffalo Sabres suka yi wa kansu a gasar NHL, wato hoki na ƙanƙara na Amurka da Kanada, wallahi raina ɓaci yake, don na daɗe ina bin ƙungiyar nan har tsakar dare nake tashi kallonsu.

Ga wanda bai sani ba, su can babu maganar faɗawa rukuni na biyu kamar ƙwallon ƙafa, in ka ƙare a ƙasan tebur ma kai ne ka fi dama a ƙuri'ar ɗaukar matashin da ya fi kowa a shekarar. To wannan ne ya ruɗe su. Daga 2013 zuwa 2014 suka sayar da kyaftin Jason Pominville, suka sayar da Thomas Vanek, suka sallami golansu Ryan Miller, wai a sha kashi a samu Connor McDavid a 2015. Har ta kai a watan Maris na shekarar Arizona ta zura musu ƙwallon nasara a gidansu, wasu magoya bayan Buffalo suka miƙe suna tafi, su kuma ƴan wasansu suna fita daga fili kai a sunkuye suna jin ihun. Kai, wannan abu ya yi min ciwo. Ƙuri'a ta zo kuma ta faɗa wa Edmonton, su kuwa Buffalo suka tashi da Jack Eichel.

Eichel fa gwani ne ba wasa, amma yaro ne ɗan 18 aka jefa shi ɗakin canza kaya inda kusan duk wanda ya san yadda ake cin wasa an riga an kore shi, sun dai ɗauko Brian Gionta suka ba shi kyaftin amma mutum ɗaya ne kuma ƙarfinsa ya fara ja baya, koci kuma sai canzawa ake kamar riga. Wa zai nuna wa yaro yadda ake tashi atisaye washegarin an ci ku biyar a jere, wa zai ja kunnensa in ya fara sakaci? Shekararsa 21 aka ɗora masa kyaftin.

A ƙarshen kakar 2018 ɗan wasansu Ryan O'Reilly ya tsaya gaban ƴan jarida ya faɗi gaskiya, cewa ƙungiyar ta saba da shan kashi har abin ya daina damunsu, shi kansa son wasan ya fara fita masa a rai. Maimakon a saurare shi sai aka sayar da shi St. Louis, a 2019 ya ɗaga kofin Stanley, wato kofin gasar NHL, har da kyautar gwarzon zagayen neman kofin. Eichel ya ci nasa da Vegas a 2023, Sam Reinhart, shi ma tsohon ɗan wasan Buffalo, ya ci da Florida a 2024 da 2025, duk wuraren da suka tarar da manya. Buffalo kuwa kaka 14 a jere har 2025 ba su leƙa zagayen neman kofi ba.

Ni Pittsburgh nake tunawa, su ma sun sha wuya kafin su ɗauki Sidney Crosby a 2005, amma a gidan babban gwarzon ƙungiyar Mario Lemieux yaron ya sauka, tare suke cin abinci tare suke tafiya fili, ga gogaggen mai tsaron baya Sergei Gonchar, daga baya aka kawo Bill Guerin, a 2009 suka ɗauki kofi yana ɗan 21.