Tayar ƙanƙara a kan kwaltar Kaduna

Aikin kula da motocin wani kamfani a nan Kaduna ya tilasta mini koyon karanta rubutun da ke jikin taya, kuma a nan ne na lura cewa da yawa daga cikin tayoyin tokumbo da direbobi ke yabawa saboda zurfin zanensu, an ƙera su ne domin ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe hanya.

A ƙasashen da aka yi su dominsu, waɗannan tayoyi sun cancanci kuɗinsu. Robar taya ta yau da kullum takan fara ƙandarewa idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, sai riƙonta ga kwalta ya ragu, mota ta ƙara nisa kafin ta tsaya bayan an taka birki. Ita kuwa tayar sanyi ana haɗa robarta ta yadda za ta ci gaba da laushi a irin wannan yanayi, sannan ana tsattsaga zanenta da siraran tsagogi masu yawa waɗanda ke cizon ƙanƙara suna kuma fitar da ruwa daga ƙarƙashinta. Shi ya sa wasu hukumomi ba su bar wa direba zaɓi ba. A lardin Kebek na Kanada wajibi ne a saka ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, a Jamus kuma doka ta wajabta ta a duk lokacin da hanya ta yi ƙanƙara ko santsin dusarta. Ɗan'uwanmu da ke karatu ko aiki a can, idan ya tambaye ni, zan ce masa ya saya, kuma ya saka guda huɗu gaba ɗaya, domin saka biyu kawai yana sa gaba da bayan mota su yi riƙo daban-daban a kan kwana.

Hunturunmu wani abu ne daban. Ko a watan Janairu, lokacin da hazo ke rufe hanyar Zariya da asuba har sai an kunna fitila, sanyin Kaduna ba ya zama a ƙasa da digiri 7, kuma kafin azahar rana ta riga ta gasa kwalta. A watannin Maris da Afrilu kuwa zafi yakan haura digiri 35. Laushin da ke ceton rai a Kanada shi ne aibin tayar a nan: tana saurin suɗewa, tana ɗaukar zafi a doguwar tafiya irin ta Kaduna zuwa Abuja, birkinta a busasshiyar hanya bai kai na tayar da aka yi domin zafi ba, mota kuma takan yi lilo kaɗan a kwana.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dalilin da ya sa take da kyan gani a kasuwa. A Turai ana shawartar direba ya cire tayar sanyi da zarar zurfin zanenta ya sauko zuwa milimita 4, alhali mafi ƙarancin da doka ta amince da shi ga tayar yau da kullum milimita 1.6 ne. Saboda haka ana jefar da ita tana da sauran zane mai yawa, mai saye a nan ya sa yatsa ya ji zurfi, ya ɗauka ya yi dace. Shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci ma yana cikin jerin abubuwan da hukumar kwastam ta haramta, amma kowa ya san ana samunsu, kuma tsadar sabuwar taya ce ke tura mutane gare su.

Gane ta ba shi da wuya. A gefen tayar akwai hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a tsakiyarsa, galibi tare da haruffan M+S, ko da yake waɗannan haruffa su kaɗai ana samunsu a jikin tayoyin da aka yi domin kowane yanayi. Sai kuma lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT, waɗanda ke nuna mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Yanzu a wurin aikinmu ba a biyan kuɗin taya sai mai faci ya juyo gefenta mun duba waɗannan alamomi biyu tare da direban da zai hau motar.