Na leƙa tafkin Attersee ta ramin kwali, kamar yadda Klimt yake yi

Jama'a sun fi sanin Gustav Klimt, mai zane ɗan ƙasar Austriya, da zane-zanensa masu ƙyallin zinariya, irin hoton Adele Bloch-Bauer na 1907 da aka saya dala miliyan 135 a 2006. Ni kuwa abin da ya ja ni gare shi daban ne: gonaki, dazuzzuka da ruwan da yake zanawa a gaɓar tafkin Attersee da ke Austriya, inda yake zuwa hutun lokacin zafi tare da iyalin aminiyarsa Emilie Flöge daga 1900 zuwa 1916. A can babu attajirin Viyana da ke jiran hoton matarsa. Don kansa yake aikin.

A wata wasiƙarsa ya faɗi cewa yana yawo da ɗan kwali mai rami murabba'i, yana leƙawa har ya samu abin zanawa. Da na isa Kammer, a arewacin tafkin, sai na yanke nawa daga kwalin biskit.

Abu na farko da ramin ya ƙwace min shi ne sararin sama. Murabba'i ba ya ba ka faɗin da za ka haɗa dutse, gajimare da ruwa wuri guda, dole ka zaɓi ɗaya. In ka miƙa hannu ramin ya tsuke, ka ga jikin bishiya kawai. In ka jawo shi kusa da ido sai filin ya buɗe. Tazarar hannun ita ke yanke hukunci, tun kafin burushi ya taɓa fenti.

Sai a lokacin na fahimci zanensa na 1900 da ke gidan tarihi na Leopold a Viyana. Kusan duka ruwa ne, tsibirin Litzlberg ya maƙale can a kusurwar sama. Da na karkata kwalin ƙasa, abin da na gani ke nan. Ruwan ba shuɗi ba ne kamar yadda ido ke rantsuwa daga nesa. Akwai kore mai haske, akwai toka-toka, kowanne yana motsi. Shafa launi ɗaya ba ya kama shi, sai an bi shi da gajerun ɗigo, wannan kusa da wancan. Aikin haƙuri ne, kuma yana cin fenti.

Hanyar bishiyoyin da ke kaiwa fadar Kammer, wadda ya zana a 1912, ta fi ba ni wahalar zanawa. Rassan sun haɗe a sama sun cinye fili, ginin ya zama ɗan rawaya a ƙarshen hanya. Hannu yana son gyara su su miƙe. Klimt bai gyara ba, har ya zagaye su da baƙin layi mai kauri.

Haske a bakin ruwa ba ya jiran kowa, kafin ka gama kusurwa guda inuwa ta gusa. Shi ma yakan kwashi wasu zanen ya ƙarasa a ɗakin aikinsa na Viyana. Yanzu ina rubuta sunayen launuka a gefen takarda da fensir, in ƙarasa fentin a gida.